Man Sheƙin Yaya

Yaya ya iso da hantsi ranar Asabar, da kwali a hammata. Ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ɗora kwalin a kan bonet ɗin motar Baba, a hankali, kamar wanda ya ɗauko jariri.

"Malam Shiru, fito ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Haka yake kirana. Ni kuma a raina Manaja nake ce masa, don haka ya sa yaran shagon kujeru suke kiransa. Shagon na surukinsa ne. Shi aikinsa ya bi masu saye a baya yana murmushi.

Na fito. Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano, inda take tun ranar da aka kai Baba asibiti bai dawo ba. Shekara ɗaya da wata biyu. Kullum da safe ina tayar da ita ta yi minti biyar, in kashe. Ina da lasin. Na gama sakandare shekara biyu da suka wuce, na kai takardu wurare bakwai, ba wanda ya kira ni. Abu ɗaya nake so a duniya: a ba ni makullin motar nan in shiga tasha in yi lodi, yadda Baba ya yi shekara ashirin da huɗu.

Yaya kuma so yake a sayar. Ya samo mai saye, wani mai kemis a bakin babban titi, zai zo ƙarfe huɗu. Na yi magana sau ɗaya, ya ce ba zai bari ƙaninsa ya zama direban tasi ba, yana da suna a gari. Inna ta bar masa maganar. Shi ne babba. Makullin yana aljihunsa tun daren jiya.

Ya buɗe kwalin. Gwangwani ne baƙi mai rubutun zinariya, da faifan soso guda biyu, da wani ƙyalle mai laushi launin lemo.

"Ka san mene ne wannan?"

"Folish."

"Folish! Ji shi. Folish na takalmi ne. Wannan sabon abu ne, bai fi wata uku da fitowa ba. Yana cire tsohon datti, yana ba da sheƙi, yana kuma rufe fenti shekara guda. Aiki uku a gwangwani ɗaya."

Ya ciro waya ya nuna min bidiyo. Wani mutum mai safar hannu yana shafa wa jar mota, sannan ya watsa ruwa, ruwan ya gangare kamar duwatsun wuya. Yaya ya kalla sau uku. Ni sau ɗaya ya ishe ni. Motar mutumin daga kamfani ta fito da fentinta. Tamu ba haka ba.

Tamu rawaya ce. Tasi ce, da baƙar lamba a ƙofofin gaba. Shuɗin da ke jikinta ni da Baba muka shafa shi, a nan tsakar gidan, shekara uku da suka wuce. Dalili kuwa Yaya ne. Sati biyu kafin ɗaurin aurensa ya zo ya durƙusa gaban Baba, ya ce don Allah kada a je gidan surukai da tasi, ya gaya musu mahaifinsa ɗan kasuwa ne a harkar sufuri. Washegari Baba ya sayo fenti galan ɗaya, ya aro injin feshi wajen mai walda. Galan ɗaya ba ya isar mota. Muka yi ta tsinka shi da tina har ya koma kamar ruwan shayi. Bonet da rufi suka samu shafi biyu. Ƙofofi ɗaya-ɗaya, da ƙyar ya rufe lambar. Ranar da muka yi fentin Yaya ba ya nan, ya tafi gwajin ɗinki.

Bayan biki 'yan tasha suka ce shuɗiyar mota ba ta lodi a layinsu. Baba ya ce zai mayar da ita rawaya idan ya samu sarari. Ciwo ya riga sararin zuwa.

Tun daga nan doka ɗaya ya kafa min a kan wankinta. Ruwa zalla, tsumma mai laushi, a inuwa. "Shafa ta za ka yi, ba dirza ba. Rigar aro ce a jikinta." Ko da hakan, ruwan bokiti da ɗan shuɗi-shuɗi yake komawa.

Duk wannan yana bakina lokacin da Yaya yake juya gwangwanin a hannu.

"Ka karanta takardar da ke ciki?" na ce.

"Takarda ta masu koyo ce. Na ga bidiyo. Tura min ita waje, nan duhu ya yi yawa."

"Rana fa."

"To da me za a ga sheƙin, da fitilar ƙwai? Tura."

Na tura. Muka tsayar da ita a ƙofar gida, tsakiyar rana, inda duk mai wucewa zai ga Manaja yana aiki da hannunsa. Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga sau biyu daidai wa daida. Daga but ɗin motarsa ya ɗauko injin huda bango, wanda suke ɗaura labule da shi a shago, ya maƙala masa faifan soso. Ni aka sa jan wayar wuta daga ɗaki.

Mai Faci, maƙwabcinmu, yana zaune a kan tsohuwar taya a bakin rumfarsa. Abokin Baba ne tun suna samari. Ya ɗago kai.

"A'a, Manaja! Yau rijiya za a haƙa a jikin motar?"

"Kawu, ka zuba ido kawai. Yau za ka ga ilimi."

"Na zuba, ɗana. Ba ni da wani aikin, tayoyin gari duk sun yi lafiya."

Inna ta fito da tire, ta zauna a kan benci a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta saba zama a nan ba. Na kalle ta, ba ta kalle ni ba.

Na wanke motar da ruwa, na tsane ta. Yaya ya buɗe gwangwanin. Man fari ne mai kauri, yana ƙanshin ayaba da kananzir. Ya laƙato da yatsa ya shafa a soson, mai yawa, kamar yana shafa wa burodi. Ya kunna injin. Man ya fantsama a gaban rigarsa da gilashin mota da goshina.

"Haka yake farawa," ya ce.

Ya fara da bonet. Gaskiya zan faɗa, bonet ɗin ya yi kyau. Da ya goge kusurwa ɗaya da ƙyallen, shuɗin ya fito da zurfi, har na ga fuskata a ciki, doguwa, a murtuke. Na ce shi ke nan, abin zai yi aiki, mai kemis zai zo ya ga madubi ya tafi da ita.

"Ka gani? Ka gani, Malam Shiru? Yi magana mana. Ko sheƙin ya ɗauke maka harshe?"

Sai ya juyo da soson. Ya zama shuɗi gaba ɗaya.

Ya ɗan tsaya. Ya kalli soson, ya kalle ni.

"Wannan fa?"

Nan ne wurin. Kalma biyar sun isa. Yaya, fentin ƙofar ba kauri. Da na faɗa, da ya ajiye injin, ya shafa da hannu sama-sama, ƙarfe huɗu a yi ciniki, biyar in tsaya ina kallon bayan motar tana shan kwana. Na buɗe baki. Na tuna Baba a tsugune da jarida a ɗaure a hanci, yana tari, yana feshin motar da ta ciyar da mu, don kada wani mai shagon kujeru ya san da me aka biya wa ango makaranta.

"Me bidiyon ya ce?" na tambaye shi.

Ya duba waya, ya ja bidiyon baya. Fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ga shi nan. Mataccen fenti ne yake fita. Dole ya fita kafin mai rai ya bayyana. Ka ji bambancin wanda ya yi bincike da wanda yake zaune a gida."

"Na ji."

Mai Faci ya yi tari. Inna ta watsar da wata 'yar tsakuwa daga tire.

Daga nan Yaya ya samu ƙarfin gwiwa. Ya koma ƙofar direba. Ya danna injin da duk nauyinsa, yana cije leɓe, yana bi sama da ƙasa. Ƙarfen ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu. Man yana bushewa nan take, ya koma farin ɓawo, shi kuma ya ƙara laƙato wani ya bi ta kai. Ba ya gogewa. Ya ce mutumin bidiyo ya ce a bar shi ya sha, to shi zai bar shi ya sha sosai, sai mai saye ya zo a goge a gabansa, ya ga abin da idonsa. Dabarar kasuwa ce, in ji shi. A shago haka suke yaye leda daga kan kujera a gaban mai saye.

Soso na farko ya mutu, ya sa na biyu. Ya yi ƙofar baya, ya zagaya ya yi ɗaya gefen. Zufa ta jiƙa masa riga har tsakiyar baya. Wajen ƙarfe biyu motar ta koma fara fat, kamar an tsoma ta a gari. Ba ka ganin komai a ƙarƙashi. Ni dai na ga ƙasan wurin, inda man ya ɗiɗɗiga: fari, shuɗi, sannan wani kore-kore. Shuɗi da rawaya ke ba da kore. Wannan ko a aji ɗaya an koya mana. Na sa ƙafa na tura ƙasa a kai.

Ya shiga ciki ya yi wanka, ya sake riga. Da riga ta biyu ya zo a mota. Ya fito yana ƙanshi, ya shimfiɗa sabbin rigunan kujera a kan waɗanda fasinjoji suka cinye, ya rataya wani ɗan kwali mai ƙanshin lemo a madubi. Sannan ya ja ni gefe.

"Saurara. Mutumin nan matarsa zai saya wa, ta riƙa kai yara makaranta. Ya ce ba ya son motar da aka yi haya da ita. Na ce masa motar gida ce, tsoho ne yake zuwa kasuwa da ita. Idan ya tambaye ka, ka san abin da ka fi iyawa."

"Shiru."

"Allah ya yi maka albarka."

Mai kemis ya zo huɗu saura. Gajere ne, mai tabarau, da biro biyu a aljihu. Ya gaida Inna da ladabi, ya yi mata ta'aziyya duk da an daɗe. Ya zagaya motar hannuwa a baya.

"Ikon Allah. Ita ce aka yi wa lalle haka?"

"Ranka ya daɗe, kariya ce," Yaya ya ce. "Sabon abu ne. Na ce ba zan ba ka mota haka kawai ba, sai na rufe maka fentinta na shekara guda. Ko ruwan sama ba zai zauna a kai ba. Tsaya nan. A'a, nan, inda haske yake."

Ya tsayar da shi daidai ƙofar direba. Ya warware ƙyallen mai launin lemo, ya karkaɗe shi sau biyu. Mai Faci ya taso daga kan tayarsa ya matso. Wasu mata biyu masu wucewa suka rage tafiya.

"Bismillah."

Ya goga. Ɓawon bai motsa ba, rana ta gasa shi. Ya yi dariya, ya tofa wa ƙyallen yawu a ɓoye, ya sa ƙarfi. Farin ya fara tashi kamar garin alli. Ya buɗe wuri mai faɗin faranti.

Rawaya.

Ba ko'ina ba. Shuɗi a gefe-gefe, kamar gajimare, tsakiya kuma rawaya tas, tana sheƙi. Ai man ya yi aikinsa. A cikin rawayar ga wani baƙin lanƙwasa.

Hannun Yaya bai tsaya ba. Ina jin kansa ne ya tsaya, hannun ya ci gaba shi kaɗai. Baƙin ya zama bakwai. Kusa da shi huɗu ta leƙo.

Mai kemis ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya sunkuya.

"Wannan lambar kasuwa ce da tsohon yake zuwa?"

"Wallahi, ranka ya daɗe... wato... ado ne. Wani ado ne na da."

"Bakwai huɗu ɗaya," Mai Faci ya ce. "Saura ɗaya, Manaja, goga gaba kaɗan. Kai, Allah ya jiƙan maza. Na fi shekara ashirin ina yi wa lambar nan faci. Ranka ya daɗe, ba motar da ta san ramukan garin nan kamarta. Matarka ko ta saki sitiyari, da kanta za ta kai ta tasha."

Ɗaya daga cikin matan ta tuntsire da dariya, ɗayar ta ja ta suka wuce.

Mai kemis bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya kaɗe farin garin da ya hau masa wando.

"Da ka ce min tasi ce, da na ce a'a tun a waya, ka huta da wannan wahalar. Ni ba motar ce ta dame ni ba. Rantsuwar da ka yi min ce." Ya juya wajen Inna. "Mama, a yi haƙuri. Na bar ku lafiya."

Yaya ya bi shi har bakin titi yana magana da hannu biyu. Na ga mutumin ya tare babur ya hau. Yaya ya tsaya can na ɗan lokaci da ƙyallen a hannu. Sannan ya dawo, kai tsaye wajena.

"Ka sani."

Na kau da kai.

"Munafuki! Ka sani! Kai ka taya Baba fentin. Na nuna maka soson, na tambaye ka, ka tsaya kana kallona kamar gunki!"

"Kai ka ce in yi abin da na fi iyawa."

Ya ɗaga hannu. Ban matsa ba. Ina son ya mara, ko don in samu abin riƙewa. Ba ni da gaskiya gaba ɗaya, na sani. Na bar yayana ya yi awa huɗu a rana yana tona wa kansa asiri, kuma na ji daɗin kowane minti.

"Sauke hannunka."

Inna ce. Ba ta tashi ba, tiren yana kan cinyarta. Shinkafar ta daɗe da tsintuwa, juya ta kawai take yi.

"Inna, yaron nan ya..."

"Ni ma ina wurin ranar da aka yi fentin. Ni na riƙe jaridar da aka rufe gilashi. Ni na wanke rigar ubanku, shuɗin bai fita ba har yau, tana cikin akwati. Tun safe nake zaune a nan. Ka tambaye ni?"

Yaya ya sauke hannun.

"Sau ɗaya aka rufe lambar nan saboda kai," ta ce. "Ya isa. Da hannunka ka buɗe ta, ba wanda ya sa ka. Kawo makullin."

"Inna, me mutane za su ce? Surukaina..."

"Surukinka ya sha shiga motar nan kafin ya buɗe shago. A gaba yake zama, don ya fi son iska. Tun ranar biki ya gane ubanka, kunya ce ta hana shi faɗa. Kawo."

Mai Faci ya juya baya yana duba wata taya da ba abin da ya same ta.

Yaya ya laluba aljihu. Ya ajiye makullin a cikin tiren, a kan shinkafa, bai ba ni a hannu ba. Ya naɗe wayar injin huda bango a gwiwar hannu, ya ɗauki agogonsa. Gwangwanin ya bari a ƙasa. Da ya shiga motarsa sai da ya tayar sau biyu, don ya manta tana kunne.

Inna ta miƙo min makullin. Akwai ƙwayar shinkafa a maƙale a zoben.

"Kada ka yi murmushi," ta ce. "Abin da ka yi ba kyau."

"To, Inna."

"Abin da na yi ma haka." Ta tashi da tirenta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta kalli motar, fara, da rawayan tabo a ƙofa kamar an fasa mata ƙwai. "Kuma ba za ta kwana a waje da wannan kamar ba."

Na tura motar cikin rumfa, Mai Faci ya kama min. Na ɗauko gwangwanin. Saura kusan rabi. A ƙasan kwalin na ga takardar, a ninke yadda ta zo. Na buɗe. Layi na farko: kada a shafa a rana. Layi na biyu: a fara gwadawa a ɗan wuri da ba a gani. Layi na uku: ba a amfani da shi a kan fentin da aka yi a gida.

"Me ta ce?" in ji Mai Faci.

"Ta ce kaya ne mai kyau."

Na jiƙa tsumma, na laƙato man, na durƙusa gaban ƙofar direba. Baba ya ce shafa, ba dirza ba. Na nemi gafararsa, na dirza. Shuɗin yana fita cikin sauƙi, kamar da ma jira yake. Kafin a kira magariba lamba ɗayar ta fito, siririya, ɗan karkace, yadda mai rubutun tasha ya zana ta tun ban san kaina ba.

Saura ƙofa uku, da bonet, da rufi. Bonet ɗin zai ba ni wuya, shafi biyu ne.